Sitirol na Tsirrai: Wa Zai Sha, Wa Zai Ƙaurace Masa?

A shekarar 1995 kamfanin Raisio na ƙasar Finlan ya fito da man shafa wa burodi mai suna Benecol, wanda aka haɗa da sitanol, ɗan uwan sitirol na tsirrai. Tun daga nan kasuwa ta buɗe. Yau ana zuba sinadaran nan a madara da yogot, ana kuma sayar da su ƙwaya-ƙwaya.

Sitirol ba baƙo ba ne a cikin mutum. Akwai shi a gyaɗa da riɗi da man girki, sai dai abin da ake samu daga abinci bai cika wuce miligiram 400 a rana ba. Da yake siffarsa ta yi kama da ta kolestarol, sai su yi ta rububin hanyar shiga jini a hanji, wani kaso na kolestarol ɗin ya bi bayan gida. Giram 2 a rana kan sauke mugun kolestarol da wajen kashi 10 cikin 100. Amma sauke shi daban, hana bugun zuciya daban, kuma har yanzu babu wani babban gwaji da ya tabbatar da na biyun.

Yawancin masu sha lafiya lau suke. Wasu kan yi fama da kumburin ciki, ko zawo, ko tashin zuciya. Sitirol yana kuma rage sinadarin karotin da jiki ke sarrafawa ya zama bitamin A, don haka ake so mai sha ya yawaita cin karas da ganyaye da 'ya'yan itatuwa.

Inda haɗarin ya fi girma shi ne ga masu wata cutar gado da ba a cika samu ba, sitosterolemiya, wadda likitoci suka fara bayyanawa a 1974 a jikin wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa. Hanjin irin waɗannan yakan zuƙe sitirol fiye da kima, ya taru a jijiyoyin jini tun suna da ƙuruciya. Su kam, kada su kusance shi.

Dokar Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta gargaɗi a jikin kayan abincin da aka zuba wa sitirol: kada a wuce giram 3 a rana, mai yiwuwa bai dace da mai ciki da mai shayarwa da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba, kuma wanda ke kan maganin kolestarol kada ya sha sai da sanin likitansa.