Shanyewar Ɓarin Jiki ga Yaro Mai Ciwon Sukari

Yawancinmu mun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ciwon tsofaffi ne masu hawan jini. To, iyaye, ku sani takan kama yaro ma, ko da yake ba kasafai ba, kuma mai ciwon sukari yana cikin waɗanda ya kamata a sa wa ido.

Galibi jikin irin wannan yaro ya daina yin insulin, sai an yi masa allurarsa kullum. Idan allura ta yanke, ko don rashin kuɗi, ko don wani ya kawo jiƙo ya ce an rabu da ita ke nan, sai sukari ya taru a jini. Yaro ya yi ta fitsari, ruwan jikinsa ya ƙafe, jini ya yi kauri ya yi tsami. Sai amai da ciwon ciki, sai numfashi mai zurfi. A wannan hali ƙwaƙwalwa kan kumbura ga kamar yaro 1 cikin 100. Wani lokaci kuma jini ya daskare cikin wata jijiyarta ya toshe ta, ɓangaren da take shayarwa ya mutu.

Akwai kuma wata cuta da likitocin Japan suka raɗa wa suna moyamoya a 1969, wadda ke tsuke manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. An gan ta ga wasu masu ciwon sukari, ana kuma ganinta ga masu sikila. Yaro mai wannan cuta ya sha kuka, ko ya hura abinci mai zafi, sai hannunsa ya saki, jim kaɗan ya dawo daidai. Wannan dawowar ita ke yaudarar iyaye.

Saboda haka in baki ya karkace, ko hannu da ƙafa suka saki, ko harshe ya karye, kada a tsaya cewa iska ce a kama turare. A fara auna sukari, domin faɗuwarsa ma kan kawo waɗannan alamu. In ya yi ƙasa, yaro kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari. In ya suma, kada a ɗura masa kome, zai shaƙe.

Ko ya farfaɗo, a kai shi babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa. A gaya wa likita lokacin da abin ya soma, da lokacin allurarsa ta ƙarshe.