Yadda Ake Tafiyar Da Garejin Keke Na Gayya A Faransa

A birnin Grenoble, a gindin duwatsun Alps na Faransa, akwai wata ƙungiya mai suna Un p'tit vélo dans la tête da take buɗe wa jama'a wurin gyaran keke tun 1994. Duk abin da ake samu a rumfar mai gyara akwai shi a can: sifanu, famfo, giris, tarin tayoyi. Sai dai babu wanda za ka miƙa wa kekenka ka tafi harkarka, ka dawo ka biya. Mai keke shi ke gyara abinsa, 'yan sa-kai na gefe suna nuna masa. Irin waɗannan wurare sun yi ta yaɗuwa har suka haɗu a inuwa ɗaya mai suna L'Heureux Cyclage a 2008. Tsarin ya yi kama da aikin gayya, sai dai a nan mai gona ma dole ya riƙe fartanya. Ga yadda abin yake tafiya.

Da farko, a kafa ƙungiya. Dokar ƙungiyoyi ta Faransa ta 1901 ta sauƙaƙa wannan: mutum biyu sun isa su rubuta tsarin mulki, su yi rajista, su buɗe asusun banki. Da wannan takarda ake neman inshora, ake kuma zama da hukumar gari.

Na biyu, a nemi wuri. Nan ne galibi wahalar take, domin haya a birni tana da tsada, keke kuma yana cin fili. Wasu na samun tsohon shago ko ɗakin ajiya daga hukumar gari, wasu a harabar jami'a. Sharaɗin dai shi ne ya kasance a ƙasa, mai faɗin ƙofa, yadda mutum zai turo keke ba tare da hawa bene ba.

Na uku, kayan aiki. Ana kafa ƙarafan rataye keke don kada a yi ta sunkuyo, a kuma buga allo a bango, a zana siffar kowace sifana da filaya a inda take zama. Idan aka tashi, duk zanen da aka gani babu komai a kansa, an san abin da ya ɓace. Kayan da ke tara mutane su ne waɗanda ba kowa zai saya don amfanin sau ɗaya a shekara ba: abin yanke sarƙa, abin zare hannun feda, da mazaunin daidaita ƙafar keke.

Na huɗu, tara tsofaffin kekuna. Ana karɓo su daga wuraren zubar da tarkace na hukuma, da ɗakunan ƙasa na manyan gidaje inda masu haya suka tashi suka bar su, da hannun mutanen da suka kawo kyauta. Kowane keke sai an duba shi. Idan gangar jikinsa lafiya take, a ware shi don gyara, a sayar da araha. Idan ta tsage ko ta lanƙwashe, sai a kwance shi ɗaiɗai: birki a akwatinsa, feda a nata, sirdi, ƙararrawa, har noti da boris. Sauran ƙarfen a kai wa masu narkarwa. Waɗannan akwatuna su ne jarin garejin, domin a cikinsu ake tsintar kayan kekunan da kamfanoninsu suka daina yi tuntuni.

Na biyar, ranar buɗewa, kuma nan ne zuciyar aikin. Mutum yana biyan kuɗin zama ɗan ƙungiya na shekara, wanda yawanci ake rage wa ɗalibai da marasa aiki. Ya rataye kekensa, ɗan sa-kai ya zo ya tambaye shi abin da ke damun keken, su duba tare. Ƙa'idar da ake koya wa kowane sabon ɗan sa-kai ita ce kada ya karɓe sifana daga hannun mai keke. Wannan ya fi gyaran kansa wuya. Wanda ya ƙware zai gama cikin minti biyu abin da baƙo zai yi rabin awa yana fama da shi, amma idan ya karɓa ya yi, gobe mutumin zai dawo da matsalar nan, bai ƙaru da komai ba.

Darasin farko kusan kullum faci ne. A kwance ƙafar da sifana mai lamba 15, a ɓanɓare taya, a zaro tub. A ɗan hura masa iska a tsoma a ruwa, inda ƙwayoyin iska ke tasowa nan ne hujin. A goge wurin ya bushe, a kankare shi da takarda mai kaushi, a shafa sholisho siriri. Sai a jira kamar minti biyar har ya daina sheƙi kafin a manna facin, domin mai gaggawar da ya manna a kan ɗanyen sholisho zai sake aiki. Kafin a mayar, a bi cikin taya da yatsa a hankali, a cire ƙaya ko kwalbar da ta jawo abin.

Daga nan ake hawa sama. A koyi daidaita birki yadda robar za ta kama bakin ƙarfen ƙafa ba tare da ta taɓa taya ba. A koyi cewa fedar hagu a juye take ɗauruwa, wanda bai sani ba yana ta ƙara tamke ta alhali yana zaton kwancewa yake. A koyi miƙe ƙafar da ke rangaji ta hanyar ɗaure wayoyin ɓangaren da ake so ta koma, kwata-kwatan juyi, ana yi ana dubawa. Garejoji da dama kan ware wasu ranaku ga mata kawai, saboda an lura cewa idan aka cakuɗa, maza kan yi saurin karɓe aikin. Wasu kuma suna koya wa manya tuƙin keken kansa.

Na shida, kuɗi. Suna shigowa ta kuɗin shekara, da cinikin kekunan da aka tayar, da kayan gwanjo da ake bayarwa a farashi kaɗan ko abin da mutum ya ga zai iya. Wasu ƙungiyoyin na samun tallafin hukuma har su ɗauki ma'aikaci, wasu kuma sun zaɓi su tsaya da ƙafarsu.

Na bakwai, fita titi. Wanda ke zuwa gareji yana zuwa da labarin hanya: mahaɗar da mota ta kusa kaɗe shi, layin keken da ya ƙare a tsakiyar titi, tashar jirgin ƙasa da babu wurin ɗaure keke. Ana rubuta waɗannan, a sa su a taswira, a kai wa magajin gari. Kuma ba roƙo kawai ake yi ba. Dokar tsabtar iska ta 1996 ta wajabta samar da hanyar keke duk lokacin da aka gina titi ko aka sabunta shi a cikin gari, kuma akwai ƙungiyoyin da suka kai hukumomi kotu a kan haka suka yi nasara. Tarayyar masu hawa keke ta ƙasa, FUB, wadda aka kafa a 1980, ta fara tun 2017 wani binciken jin ra'ayi inda mahaya ke ba garuruwansu maki, a wallafa sakamakon kowa ya gani. Babu magajin garin da ke son ganin sunan garinsa a ƙasan jeri ana dab da zaɓe.

Shi ya sa mataki na biyar da na bakwai ba sa rabuwa. Ƙungiyar da ke gyara wa mutane kyauta masu godiya take tarawa, su karɓa su wuce. Wadda ta sa su yi da hannunsu kuwa tana tara mutanen da suka san juna, suka san keke, kuma kekensu ba ya kwana a jingine saboda faci. Su ne ke cika kujeru ranar da majalisar gari za ta tattauna fasalin sabon titi, kuma daga cikinsu ake samun waɗanda za su riƙe makullin gareji a shekara mai zuwa.