Shukar Ɗaki Ba Ta Son Gata Mai Yawa

Kishiyata, na ji an ce kin sayo fulawa mai yaɗo daga Kano, irin mai ganye kamar zuciya, kore da ɗigon ruwan ɗorawa, kin rataye ta kusa da taga. Madalla. Ɗakin mace yana son abu mai rai ban da kayan jere. Amma zauna ki saurare ni.

Mu mutanen Gwarzo da Kabo manoma ne, da mun ga tsiro sai hankalinmu ya tafi ga ruwa. A gona ƙasa takan shanye, ta wuce da saura. A tukunya kuwa ruwa ba shi da wurin zuwa, sai ya kwanta ya ruɓar da saiwa. Ganye ya yi rawaya, ya yi laɓo-laɓo, mai shuka ta ce ƙishi ne, ta ƙara kwarara masa. Haka yawancinsu ke mutuwa a hannun masu sonsu. Don haka ki huda gindin tukunyar. Ki cakuɗa ƙasa da yashi da takin da ya daɗe ya huce, ban da ɗanyen kashin kaji. Kafin ki zuba ruwa ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ɗaya. In kin ji danshi, ki mayar da butarki.

Asalin wannan shuka wani tsibiri ne a Tekun Fasifik, inda take hawa bishiyoyi a ƙarƙashin inuwa. Haske take so, ba zafin rana ba. Ranar watan Afrilu a ƙasar nan, lokacin da zafi ke kai maki 40, za ta babbake ganyen. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, ƙura takan lulluɓe ta. Ki jiƙa tsumma mai laushi ki goge ganyen ɗaya bayan ɗaya, ki tallafe shi da tafin hannu kada ya yage.

In ta yi tsawo ta rame, ki datse ta, kada ki ji tausayi, sabbin rassa za ta fitar. Ki duba jikin karan, wurin da ganye ya fito akwai wani ɗan ƙulli. Nan saiwa ke tsirowa. Ki yanka ƙasa da shi, ki tsoma a kwalbar ruwa, cikin 'yan makonni kin samu ta ba maƙwabciya. Sai dai ki riƙa sauya ruwan kwalbar duk bayan kwana kaɗan. Kada garin ado ki yi kiwon sauro a kan gadonki.

Abin da ya fi damuna shi ne ganyenta ba na ci ba ne. Yaro ko kyanwa in suka tauna, baki zai yi zafi ya kumbura. Ranar da Allah Ya kawo mai rarrafe, ki ɗaga ta sama, ki naɗe yaɗon.

Ƙannenki da ke ta roƙon reshe kuwa, ki ce su fara da dankalin Hausa. Ga shi nan jibge a Rimin Gado, a kan hanyarmu ta zuwa birni. A tsoma rabin guda ɗaya a kofin ruwa, a ajiye bakin taga, zai yi tsiro ya sauko da yaɗo, kuma ganyensa ko miya ana yi da shi. Wadda ta riƙe dankali wata biyu bai ruɓe ba, ita za ki yankar wa reshen fulawarki.