Jiri da Dishi-dishin Ido da Kasala Bayan Aikin Ƙarfi

An shirya wannan takarda domin uwayen ƙasa da malamansu na Wurno da Raba da Goronyo, su karanta, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwanni abin da ke ciki. Dalili kuwa, tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo bisa Gulbin Rima cikin 1984, mutane da yawa ba su ajiye fartanya da rani. Ana noman albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafa a fadama har cikin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin rana kan wuce digiri 40. A lokacin nan ne akan ji an ce wane ya tashi daga aiki, ko daga filin ƙwallo ko kokawa, sai juwa ta ɗebe shi, idonsa ya rufe, ya zube.

Jinin babban mutum ya yi kamar lita 5, zuciya ce kuwa ke tura shi ko'ina cikin jiki. Ƙwaƙwalwa da idanu su ne a bisa, saboda haka su ne suka fi wuyar kai wa jini. Duk wanda ya taɓa ban ruwa ya san in ruwa ya ja baya, fangalin da ke kan tudu shi ke fara bushewa. Haka al'amarin yake a jikin ɗan Adam. Sa'ad da mutum ke gudu ko huɗa, hanyoyin jininsa sukan buɗe, naman ƙafafunsa kuma yana matsa jinin yana mai da shi sama. In ya tsaya cak nan take, matsawar ta ƙare, amma hanyoyin suna nan a buɗe, sai jini ya taru a ƙafafu, kai ya rasa rabonsa na ɗan lokaci. Wanda ya daɗe a duƙe yana dashen shinkafa ya miƙe farat ɗaya, shi ma haka. Irin wannan jiri ba shi da haɗari in ya wuce da sauri, maganinsa kuwa a riƙa tsayawa sannu, a ɗan taka kafin a zauna.

Gumi yana ƙara wa abin ƙarfi. Mai aiki cikin rana yana iya zubar da lita guda na gumi cikin awa ɗaya, tare da gishirin jikinsa, jini ya ragu ke nan. Alamarsa ita ce fitsari kaɗan mai duhun launi, da ciwon kai, da ɗaurewar nama. Wanda kuma ya fita bai karya kumallo ba, sukarin jininsa yana iya faɗuwa, jikinsa ya kama rawa. Wannan ya fi tsanani ga mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, haka nan mai shan maganin hawan jini ya fi saurin jiri. In azumi ya faɗo cikin zafi, a mai da aiki mai nauyi sassafe.

Amma abin da aka fi so uwayen ƙasa su lura da shi, shi ne ƙarancin jini, domin shi ba ya zuwa da hayaniya. In saurayi yana haki da jiri bayan aikin da tsaransa suka yi ba su gaji ba, kada a yi saurin ce masa rago. A ja fatar idonsa ta ƙasa a duba: in ta yi fari maimakon ja, jininsa ne ya ƙaranta. A ƙasar fadama abu uku ke shan jinin mutane, watau zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafar marar takalmi, da tsagiya. Ƙwayar tsagiya tana girma cikin ƙananan katantanwa na tafkuna da hanyoyin ban ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai aiki cikin ruwan. Har yanzu akwai masu cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Wannan magana ba ta da tushe, cuta ce, kuma tana da magani, sunansa praziquantel. Mata masu ciki su ma ƙarancin jini yana kama su ƙwarai, ga shi ba su fasa daka da ɗiban ruwa.

In mutum ya faɗi, kada a taru a kansa, kada kuma a ɓata lokaci wajen turare ana cewa iska ce. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi. In ya farfaɗo sarai, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya sha kaɗan kaɗan. Wanda bai dawo hayyacinsa ba, ko kusa kada a ɗura masa kome, don kada ya shaƙe.

Akwai waɗanda ba a jira da su. Wanda jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, rana ce ta buge shi, tana kuwa kisa. A jiƙa shi da ruwa, a yi ta yi masa fifita tun a wurin, har a hanya ba a dainawa. Haka kuma wanda ya suma yana tsakiyar gudu, ba bayan ya tsaya ba, ko mai ciwon ƙirji, ko wanda bakinsa ya karkace, ko gefen jikinsa ya mutu, ko maganarsa ta sarƙe. Waɗannan a kai su asibiti mafi kusa nan da nan, in likita ya ga hali ya tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Ana roƙon uwayen ƙasa su sa a riƙa yin gayya da wasannin samari da safe ko bayan la'asar, a ajiye randar ruwa da inuwa a wurin. 'Yan ci-rani da suka zo daga ƙasa mai sanyi a sassauta musu aiki mako ɗaya ko biyu, har jikinsu ya saba. Malamai kuwa su riƙa rubuta sunan ƙauyen da aka faɗi, da lokacin, da irin aikin da ake yi. In aka ga ƙauye guda yana yawan fitowa cikin littafi, a sanar da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma, su je su auna jini da fitsarin yaran wurin.