Jar Tsutsa Mai Ɓata Auduga

Manoman Funtua da Malumfashi, ga abokiyar gabarku. Wata 'yar tsutsa ce ja-ja, tsawonta bai wuce rabin inci ba.

Idan auduga ta fara fure, sai ku riƙa zaga gona da sassafe. Furen da kuka gani a murɗe, ya ƙi buɗewa, ku tsinke shi ku duba ciki, za ku same ta. Daga fure take shiga ƙwallon auduga ta cinye gurya. Sai audugar ta yi dauɗa, nauyinta ya ragu, a kasuwa a karya mata daraja.

In ta shige ƙwallo, feshi ba ya kai mata. Saboda haka a nemi malamin gona tun fure na fari.

Babban magani kuwa ba ya cin ko kwabo. Tsutsar tana kwana rani cikin ragowar ƙwallo da gurya. To, da an gama tsince auduga, a tuge itacen duka a ƙone. Ku yi tare, don gonar mutum ɗaya da aka bari tana iya jawo wa gari duka hasara baɗi.