Ma'aunan Bayanai a Kwamfuta: Daga Bit Zuwa Terabayit

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe a yau ba ya rabuwa da na'ura. Da waya yake naɗar hirar da ya yi da mawaƙi ko mai sana'a, a kwamfuta yake buga kundinsa, sannan ya sayi data ya aika wa malaminsa. Sai dai da yawa daga cikinmu muna ganin KB da MB da GB ba tare da sanin yadda ake juya wani zuwa wani ba. Hausawa kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wannan darasi zai bayyana ma'aunan da hanyar lissafinsu.

2.0 Bit da Bayit

Mafi ƙanƙantar ma'auni shi ne bit, wato 0 ko 1. Kalmar ta bayyana a 1948 cikin wata maƙala ta Claude Shannon, wanda ya ce John Tukey ne ya ƙirƙiro ta. Bit 8 su ke ba da bayit 1. Werner Buchholz na kamfanin IBM ne ya raɗa sunan bayit a 1956.

A tsarin UTF-8, wanda mafi yawan shafukan intanet ke amfani da shi, kowane baƙi ko wasali irin na Ingilishi bayit 1 yake ci. Amma baƙaƙenmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, bayit 2 kowannensu yake ci. Ke nan "kasa" bayit 4 ce, "ƙasa" kuwa bayit 5, duk da cewa haruffansu huɗu-huɗu ne.

3.0 Tsanin Ma'aunai

Bayit 1,000 = kilobayit (KB) 1
KB 1,000 = megabayit (MB) 1
MB 1,000 = gigabayit (GB) 1
GB 1,000 = terabayit (TB) 1

Idan za a sauko daga babban ma'auni zuwa ƙarami, sai a ninka da 1,000 a kowane mataki. Idan za a hau, sai a raba. Misali, GB 2.5 ya zama MB 2,500, MB 750 kuma ya zama GB 0.75.

4.0 Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya

Mutum kan sayi filashi mai GB 64, ya soka a kwamfuta, ya ga kusan 59.6, sai ya ɗauka an yi masa tauye. Alhali kuwa mudu ne ya bambanta. Kamfani yana awo da 1,000. Ita kwamfuta da bibbiyu take lissafi, kuma idan aka jera 2 har guda 10 aka ninka su, 1,024 ake samu. Da wannan mudun Windows take awo. A wurinta GB 1 bayit 1,073,741,824 ne. Raba 64,000,000,000 da wannan adadi, za ka sami 59.6. Haka TB 1 yake komawa kusan 931.

Domin kawar da ruɗanin, hukumar IEC ta amince da sababbin sunaye a 1998: kibibayit (KiB) ga bayit 1,024, sai mebibayit (MiB) da gibibayit (GiB). Sai dai jabun filashi ma suna nan a kasuwa. Giɓin da lissafin nan yake jawowa a matakin GB bai wuce kusan kashi 7 cikin 100 ba. In ya zarce haka da nisa, a yi bincike.

5.0 Ƙaramin b da Babban B

Saurin intanet da bit ake auna shi, girman fayil kuma da bayit. Ƙaramin b na nufin bit, babban B na nufin bayit. Saboda haka a raba da 8. Layin da ke gudun megabit 8 a daƙiƙa, MB 1 kacal yake saukewa a daƙiƙa. Fayil mai MB 120 zai ɗauki aƙalla minti 2.

6.0 Amfaninsa ga Mai Bincike

Ɗauki ɗalibin da zai je ƙauye tattara tatsuniyoyi. In ya naɗi sauti a tsarin MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa, lissafin shi ne 128,000 ÷ 8 = bayit 16,000 a daƙiƙa. Minti 1 ya ci bayit 960,000, awa 1 ta ci MB 57.6. In kuma tsarin WAV mai ingancin faifan CD ya zaɓa, wanda ya fi dacewa da nazarin karin sauti da tsayin wasali, awa 1 za ta ci kusan MB 635. Hirar awa 10 ta haura GB 6 ke nan.

7.0 Kammalawa

Dattijuwar da ta ba ka tatsuniya yau ba lalle ka same ta gobe ba, kuma ba ladabi ba ne ka katse ta don waya ta cika. Kafin ka fita, lissafa awowin da za ka naɗa, ka juya su zuwa MB, ka duba sararin da ya rage.

Jinga: filashi mai GB 16, nawa Windows za ta nuna? Awa nawa na MP3 mai kilobit 128 zai ɗauka?