Gigin Tsufa: Binciken Wasu Ya Ishe Mu?

Malam Haruna daga Dindir, a jihar Sinnar, yana tambaya ko abin da likitocin Turai suka gano game da musabbabin gigin tsufa ya shafi dattawanmu.

To, Malam Haruna, Allah ya saka da alheri. Gigin tsufa, wato mutum ya sallame salla ya tambaya ko an kira, yana da sabubban da masana suka yi ittifaƙi a kansu, kamar hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ji, da shan taba, da kaɗaici. Sai dai da yake galibin binciken a kan Turawa aka yi shi, alhali mafi yawan masu larurar suna Asiya da Afirka da makamantansu, ƙiyasin bai cika ba. Hujja kuwa, wani nazari da aka fara a 1992 ya nuna larurar ta fi ƙaranci ga Yarabawan Ibadan bisa ga baƙaƙen fatar Indiyanafolis ta Amurka. Saboda haka wajibi ne a shigar da mutanen Indiya da Sin, da Hausawan Mai Wurno da Dindir, cikin bincike. Kafin nan, Malam, a riƙa auna wa tsofaffi hawan jini.